Yaron Tsakiyar Aji: Makarantar Gwamnati da Makarantar Kuɗi a Tarihin Ilmin Boko a Arewa

Kowane malami da ya daɗe yana riƙe da alli ya san aji kashi uku ne. Akwai 'yan ƙalilan a gaba, haziƙai, waɗanda kafin malami ya rufe baki sun gane inda ya dosa. Akwai kuma wasu 'yan ƙalilan a baya waɗanda karatu ke yi wa wuya ainun. Sauran kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, suna tsakiya: yaron da ke zuwa na 15 ko na 20 a cikin 40, wanda idan an maimaita masa darasi sau biyu sai ya riƙe, idan kuwa an wuce a guje sai ya ɓace. Ba a kiran sunansa ranar rabon kyaututtuka, ba a kuma kiran ubansa ofishin hedimasta. A kan wannan yaro wannan lacca za ta tsaya, gama duk gardamar da ake yi a kan makarantar gwamnati da makarantar kuɗi, a kansa take ƙarewa. Haziƙi ko a gindin bishiya aka ajiye shi da littafi zai fita. Yaron tsakiya shi ne wanda makaranta ke iya gyarawa, ko kuwa ta ɓata.

Sau da yawa akan ji dattawa, musamman waɗanda suka yi aikin gwamnati, suna cewa a zamaninsu makarantar gwamnati ita ce makaranta, kuma ba wanda ya biya ko kwabo aka mai da shi mutum. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma kafin a karɓe ta dungum, ya kamata a tambaya: su wa waccan makaranta ta ɗauka, su wa kuma ta bari a waje?

Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin mutane ba. Saboda wannan alkawari, da kuma tsoron tada fitina, aka taƙaita wa 'yan mishan shiga garuruwan sarakunan Musulmi, sai ya zama gwamnati da kanta ce za ta kawo boko. A 1909 Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano. Daga nan aka yi makarantun larduna, sa'an nan Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922. Ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ta kuma zama Barewa. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a Katsina suka yi karatu. Aminu Kano da Shehu Shagari kuwa bayan ta koma Kaduna.

Wajen 1930 aka tsara matakan karatu: yaro ya yi elementare shekara 4, in ya ci jarrabawa ya tafi midil a babban garin lardi, inda En'e za ta ciyar da shi ta tufatar da shi, in kuma ya sake ci ya wuce kwaleji. Wannan tsari rariya ne, kuma idanunsa ƙanana ne ƙwarai. A 1957, shekara 3 kafin samun mulkin kai, makarantun sakandare 18 ne a duk faɗin Jihar Arewa, ɗalibansu ba su kai 4,000 ba, alhali Kudu tana da 176 masu ɗalibai fiye da 28,000. Makarantar da ta tsince haziƙan lardi guda, ta killace su, ta ba su ƙwararrun malamai, ba abin mamaki ba ne ta fitar da firimiya da ministoci. Yaron tsakiya bai taɓa shiga ƙofarta ba. Dattijon da ke yabon makarantar gwamnati ta dā, sau tari yana yabon makarantar da ta zaɓe shi ne ta bar 'yan ajinsu a ƙauye.

Duk da haka adalci ne a faɗi abin da tsohon tsari ya yi wa wanda ya faɗo daga rariya, domin bai watsar da shi gaba ɗaya ba. Da fari dai, ita elementare da Hausa ake koyarwa, aji ba ya cika ya batse, kuma akwai mai duba makarantu wanda ke iya faɗowa ba sallama ya ce a kawo masa littattafan yara ya ga ko an bi su da jan biro. Akwai abin karantawa kuma: Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Dakta East ta buga littattafai irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam, kuma daga 1939 ga Gaskiya Ta Fi Kwabo. Yaron da ya gama aji 4 yana iya rubuta wasiƙa, ya karanta jarida, ya yi lissafin haraji, saboda haka yakan zama malamin dagaci ko ɗan doka. Wanda kuwa ya kai midil amma kwaleji ta gagare shi, akwai ƙananan hanyoyi da suka ratse daga babban titi: makarantun horon malamai, makarantar tsabta ta Kano, ta aikin gona a Samaru, ta dabbobi a Bom, ta akawuna a Kongo, da makarantun koyon sana'a. Kowace daga cikinsu tana ƙarewa ne a bakin aiki da albashi. Da aka zo zamanin Sardauna ana neman 'yan Arewa su cike ofisoshi, irin waɗannan mutane, ba haziƙai ba kuma ba daƙiƙai ba, su suka riƙe baitulmali da ɗakin shan magani da ofishin hakimi. Sai dai kada a manta, wajen 1960 kusan yaro 1 ne cikin 10 ke zuwa makarantar boko kowace iri a Arewa.

Makarantun da ba na gwamnati ba a wancan zamani, galibi na mishan ne. Likita Mila ya fara tasa a birnin Zariya kafin a mai da aikin Wusasa. Wasu ƙungiyoyin mishan suka bazu a Filato da kudancin Zariya da Binuwai da Adamawa. 'Yan Roman Katolika suka gina nasu, har a unguwannin Sabon Gari. Kuskure ne a ɗauke su tamkar makarantun kuɗi na yau. Ba riba ake nema da su ba, kuma waɗanda suka cika sharuɗɗa gwamnati na ba su gudummawar kuɗi, tana aika masu duba su. Bambancinsu da na En'e a wajen manufa yake. Gwamnati akawuna take so daidai buƙatarta, ba ta son rarar 'yan boko marasa aiki. Ɗan mishan kuwa kowane yaro yake so, domin kowane yaro mabiyi ne na gobe. Don haka bai tsananta tankaɗe a matakin farko ba. Ya ɗauki yaron tsakiya ya mai da shi malamin ƙauye, ko ma'aikacin jinya, ko mai buga tafireta. Da yawa daga makarantun nan na ƙauye bukkoki ne, malamansu ba su wuce ɗalibansu da nisa ba, amma ƙofarsu a buɗe take. Kuɗin shiga na haƙiƙa kuwa addini ne, kuma mafi yawan iyaye Musulmi ba za su biya shi ba. Saboda haka yaron tsakiya na ƙauyen Kano ko Daura ba shi da makarantu biyu da za a gwada masa. In hakimi bai kama shi an sa shi elementare ba, makarantar allo ce kaɗai rabonsa. Sai a shekarun 1950 makarantun Islamiyya suka fara cike wannan giɓi, kuma bayan kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962 aka sami irin su Kwalejin Sheikh Sabah a Kaduna.

Yaƙin basasa ya canza lissafi. A 1970 Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe dukan makarantu daga hannun mishan, wasu jihohi suka bi sahu, da hujjar haɗa kan ƙasa da daidaita 'ya'yan talakawa da na masu hali. A Jihar Arewa ta Tsakiya, a farkon shekarun 1970, St. John's ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul's ta Zariya ta zama Kufena, ita ma Sheikh Sabah ta zama Kwalejin Tunawa da Sardauna. Daga nan sai babban al'amari. A 1974, a Sakkwato, Janar Gowon ya yi shelar za a ba kowane yaro ilmin firamare kyauta, kuma a watan Satumba na 1976 Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin. An yi tanadin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya. Wajen miliyan 3 suka fito.

Wannan ne karo na farko a tarihin Arewa da aka buɗe wa yaron tsakiya ƙofa ba tare da an tambaye shi ko shi haziƙi ne ba, kuma duk wanda ke zagin shirin ya tuna cewa dubban ma'aikata da 'yan kasuwa ta nan suka shigo. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Malamai aka rasa, sai aka shiga horon gaggawa, aka ɗebo waɗanda suka gama firamare da waɗanda sakandare ta kayar aka miƙa musu alli. Aji ya cika, mai duba makarantu ya kasa zagayawa, kuma aka koma ciyar da yaro gaba ko ya iya ko bai iya ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Haziƙi a irin wannan aji yakan matso gaba ya tsinci abin da ya faɗo daga bakin malami. Yaron tsakiya, wanda maimaici yake buƙata da wanda zai duba littafinsa, shi ya fi kowa asara: yana cikin rajista, yana rera abin da aka rera, yana kuma kai aji 6 bai iya haɗa baƙi ba.

Sa'an nan kuɗin mai ya faɗi. Gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, ta Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta zube, malamai suka riƙa yin watanni ba albashi. Nauyin biyansu ya zama ƙwallo: a 1988 aka kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa, a 1991 aka rushe ta aka mai da nauyin kan ƙananan hukumomi, a 1993 aka sake dawo da ita. Waɗancan ƙananan hanyoyi kuma suka toshe ɗaya bayan ɗaya. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya yi alkawarin koya wa yaro sana'a a ƙaramar sakandare, amma injunan da aka sayo daga ƙasashen waje da yawansu a cikin akwatuna suka yi tsatsa, ba lantarki, ba mai koyarwa.

Abin lura shi ne, a duk tsawon wannan lokaci gwamnati ba ta manta yadda ake gina makaranta mai kyau ba. A 1966 ta buɗe kwalejojin tarayya, ɗaya a Sakkwato. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa. Daga baya aka yi makarantar haziƙai a Suleja. Dukansu da jarrabawa ake shiga. Watau tsohuwar rariya ce aka sake ɗaurawa, kuma duk lokacin da aka ɗaura ta takan yi aiki.

Ƙofar makarantun kuɗi shari'a ce ta tabbatar da ita. Gwamna Jakande na Ikko, watau Legas, ya yi niyyar soke makarantun firamare masu zaman kansu, Akbishop Okogie da wasu suka kai ƙara, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tsarin mulkin 1979 ya ba ɗan ƙasa 'yancin kafa makaranta. Daga ƙarshen shekarun 1980 suka fara tsirowa kamar ciyawar damina, har a Kano da Kaduna da Jos. Suna ɗaya ne ya haɗa su, amma iri-iri ne: akwai mai ɗakin gwaje-gwaje da motocin ɗaukar yara, akwai kuma wadda gidan haya ce mai ɗaki huɗu, zaure shi ne ofishin hedimasta. Ta biyun ita ta fi yawa. Ƙidayar da aka yi a Jihar Legas a 2010 zuwa 2011 ta sami makarantu masu zaman kansu fiye da 12,000, kuma yaran da ke cikinsu sun fi na makarantun gwamnati yawa. James Tooley, wani malamin jami'a ɗan Ingila da ya yi bincike a unguwannin talakawan Legas, ya ba da labari a littafinsa na 2009 cewa yaran irin waɗannan makarantu masu araha sun fi takwarorinsu na gwamnati cin jarrabawa, alhali malamansu ba su kai na gwamnati albashi ba.

Me uba ke saye in ya kai ɗansa can? Ba takardun malami yake saye ba, gama sau da yawa malamin gwamnati ya fi na kuɗi takardar shaida. Abin da yake saye shi ne malami ya zo, ya tsaya a aji, ya duba aikin gida. Mai makaranta yana bakin ƙofa da safe yana kallon agogo, domin ya san in yaro ya koma gida littafinsa fari fat, zango mai zuwa uban zai ɗauke shi, kuɗinsa su bi shi. Ga yaron tsakiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kusan shi ne abin da mai duba makarantu na zamanin En'e ke tabbatar masa.

Amma a nan ake buƙatar taka-tsantsan, kuma ɗaliban da za su yi bincike su riƙe wannan. Uban da ya iya biyan kuɗin makaranta, ko kaɗan ne, galibi shi ne wanda ke tambayar ɗansa abin da aka koya masa, ya saya masa littafi, ya kuma hana shi talla. In yaron ya fi na gwamnati ƙoƙari, makaranta ce ta yi aikin ko gida? An yi wannan gardama a Amurka bayan James Coleman da abokan aikinsa sun nuna a 1982 cewa ɗaliban makarantun Katolika sun fi na gwamnati, masu suka suka ce ai tun daga gida aka fara fin. Jarrabawar gwaji ta ƙasashe da ake kira PISA, ta 2009, ta nuna cewa a mafi yawan ƙasashe in aka cire tasirin halin gida da na abokan aji, fifikon makarantar kuɗi yakan ɓace. Gwajin da ya fi kusa da raba gardama a Indiya aka yi shi, a jihar Andhra Pradesh. A ƙauyuka 180 aka jefa ƙuri'a tsakanin 'ya'yan talakawa na makarantun gwamnati, wanda ta faɗa wa a biya masa makarantar kuɗi, wanda ba ta faɗa wa ba ya zauna inda yake. Da yake ƙuri'a ba ta san ɗan wane ba, gidajen sun zo daidai. Bayan shekara 4, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna ba wani bambanci a lissafi da harshen Telugu. Yaran makarantun kuɗi sun ƙaru da harshen Hindi, wanda can kaɗai ake koyar da shi, kuma abin da aka kashe a kan kowane yaro bai kai sulusin na gwamnati ba. Watau makarantar kuɗi ta fi iya tattali, amma ba ta mai da yaron tsakiya haziƙi ba.

Akwai kuma wata illa da ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Babban abin da makarantar kuɗi ke talla da shi Turanci ne, tun daga ajin renon yara, har wasu na cin tarar wanda ya yi Hausa. Haziƙi yana iya ɗaukar kaya biyu lokaci guda, ya koyi harshe ya kuma koyi lissafi a cikinsa. Yaron tsakiya yakan haddace ne kawai, ya dawo gida yana rera abin da bai san ma'anarsa ba, iyaye suna murna. Gwajin da Farfesa Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci duk tsawon firamare, ya nuna ba su gaza a Turanci ba, kuma sun fi takwarorinsu fahimtar darussa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara da harshen uwa, amma mai makaranta kasuwa yake bi. Kasuwar ce kuma ke hana shi faɗa wa uba gaskiya. Da wuya a ce yaro ya maimaita aji, katin sakamako yakan fito da maki masu faranta rai, kuma a wasu wuraren abin ya kai ga sayen amsa ranar jarrabawar ƙarshe. Makarantar gwamnati ta ciyar da yaron tsakiya gaba don ba wanda ya lura da shi. Ta kuɗi takan ciyar da shi gaba don kada a rasa shi.

Ita ma gwamnati ta sake ɗaura ɗamara. A 1999, a Sakkwato kuma, aka ƙaddamar da ilmin bai-ɗaya na shekara 9, aka yi masa doka a 2004, an kuma gina azuzuwa da yawa. Amma gini ba ya duba littafin yaro. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawar 'yan aji 4, ta ce 21,780 ba su sami makin da ake buƙata ba, ta sallame su. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar, har ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki. Ko ma dai yaya, da yawan waɗannan malamai su kansu yaran tsakiya ne na ajin da ya cika bayan 1976, sun dawo suna koyar da abin da ba a koya musu ba.

Wani masanin tattalin arziki, Albert Hirschman, ya zo Nijeriya a shekarun 1960 yana nazarin jirgin ƙasa. Ya yi mamakin yadda gasar manyan motoci ba ta sa hukumar reluwe ta gyara aikinta ba. Daga baya ya gane dalili, ya kuma bayyana shi a littafinsa na 1970: 'yan kasuwar da suka fi kowa damuwa da jinkiri, waɗanda da sun tada jijiyar wuya an saurare su, su ne suka fara komawa mota, hukumar kuwa asararta baitulmali ke biya, sai ta huta da masu ƙorafi. Shi da kansa ya ce haka abin yake ga makarantun gwamnati. A zamanin midil, ɗan hakimi da ɗan manomi a benci ɗaya suke, daga tukunya ɗaya ake zuba musu tuwo, saboda haka in abinci ya lalace ko malami ya yi fashi, labari yakan kai majalisar sarki kafin ƙarshen mako. Daga shekarun 1980 manyan ma'aikata suka fara janye 'ya'yansu, matsakaita suka bi, har malaman makarantar gwamnati da kansu in sun sami hali. Yau hedimasta yakan rubuta cewa iska ta yaye rufin aji 3, an haɗe yaransa da na aji 4. Takardar takan isa teburin jami'in da ba shi da ɗa ko ɗaya a wannan makaranta, ya sa mata hannu, ya tura ta gaba, ta shiga layi a bayan waɗanda suka riga ta.